Hular kariya ga yaron da ke buga kansa da bango: wacce za a saya, da aikin da ba za ta yi ba

Hular da muke magana a kanta ba ta da kwano. Soso ne mai ɗan tauri, an yanka shi daidai da siffar kai, an tsoma shi a roba mai sheƙi ko an lulluɓe shi da yadi, an huda masa ramukan shan iska, sannan aka sa masa maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Masu farfaɗiya da masu yawan faɗuwa suna sa ta, haka ma yara masu galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane) ko jinkirin ƙwaƙwalwa waɗanda ke gwara kai da bango, ko naushin goshi, ko marin kunne har jini ya fito. Kamfanin Danmar na jihar Mishigan a Amurka ya daɗe yana yin irin mai roba, Ribcap kuma suna ɗinka tasu kamar hular sanyi ko hana-sallah, don kada yaro ya zama abin kallo a titi.

Idan ana maganar fata ce, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Tsagewar goshi tana raguwa, ƙulun da ke tashi a ƙeya yana samun damar sacewa, kunnen da ya kumbura da taruwar jini yana hutawa. Iyakar abin da za mu yabe ta da shi ke nan ba tare da sharaɗi ba. Ba ta taɓa dalilin da ya sa yaron ke dukan kansa, kuma gidan da ya saye ta ba tare da shirin ranar cire ta ba, sau da yawa sai a wayi gari shekara ta zagayo yaro yana nan cikinta, dukan kuma yana nan.

Kafin a kai ga ta soso, iyaye kan fara da abin da ke kusa, kuma abin da ke kusa shi ne hular kwano ta 'yan acaɓa. Kada a sa wa yaro ita. Nauyinta yakan wuce kilo guda, wuyan ɗan shekara 5 kuwa ba a yi shi don ɗaukar wannan ba, balle yana wurga kai gaba da baya. Bayanta da tauri yake, don haka yaron da ke naushin kansa zai fasa gaɓoɓin yatsunsa a jikinta, wanda ke tunkuyi kuma ya samu makami: uwar da ta rungumo shi don ta hana shi, haƙoranta ne za su biya. Ga gilashin gaba da ke iya karyewa, ga toshe ji.

Hular keke ta fi sauƙi, amma ita ma ba ta dace ba, saboda yadda aka gina ta. Farin soson cikinta irin wanda ake tallafe talabijin da shi ne a kwali. An yi shi don ya murƙushe sau ɗaya a haɗari ya shanye ƙarfin bugun, daga nan aikinsa ya ƙare ko da ido bai ga tsaga ba. Yaron da ke buga kai sau 40 kafin azahar ya gama da ita tun da hantsi. Kuma tana barin kunne da kumatu da ƙasan ƙeya a buɗe.

Hular 'yan wasan rugbi tana da wurinta. Dokar hukumar wasan ta duniya ta taƙaita kaurinta ga santimita 1, don haka ba nauyi, tana wankuwa, tana rufe kunne, ana kuma ɗaure ta da igiya ta baya inda hannun yaro ba ya kaiwa da sauƙi. Ga mai marin kunne, mai tsige gashi, ko mai yaƙushin fatar kai, ta wadatar, kuma ta fi wadda ake yi don asibiti araha. Ga mai buga goshi da bangon siminti kuwa, santimita 1 ba komai ba ne. Hular 'yan tekwando ta fi ta kauri, ita ce ma ta fi kama da ta asibiti a cikin abin da ake samu a shagon kayan wasanni, sai dai ramukanta manya ne, kuma ƙaramar cikinsu takan yi wa ƙaramin yaro yawa.

Duk wadda za a ɗauka, a danna soson da babban yatsa da ƙarfi a saki. Wanda ya dawo daidai nan take shi ake nema. Wanda ya nutse har yatsa ya taɓa ɗaya gefen, soson katifa ne, ba zai tare komai ba. Wanda ya bar rami kuma ya mutu.

Kafin awo, a dubi jikin yaron a ga inda tabon yake, don tabo shi ke faɗin wurin da ke buƙatar rufi. Akwai yaran da ke buga haɓa da gwiwa ko da kafaɗa, akwai masu naushin ƙashin kumatu, akwai masu tsone ido. Hular da ta tsaya a goshi ba ta yi wa ɗayansu komai ba. Wasu hulunan ana ƙara musu sandar fuska ko murfin roba mai haske, amma kowanne da kuɗinsa: yaro yakan saƙala yatsu a sandar ya fizge hular gaba ɗaya, murfin kuma haɗari ne ga mai farfaɗiya ko mai yawan amai.

Awon kansa da tef ɗin tela ake yi, a santimita. A zagaya shi daga saman gira da kamar faɗin yatsa ɗaya, ya bi ta saman kunnuwa, ya ratsa inda ƙeya ta fi turowa. A auna sau uku, don yaron ba zai tsaya ba, a ɗauki mafi girma. Yarinya a auna ta da kitson da za ta riƙa zama da shi, kuma ya zama kwantacce: shuku yana ɗaga hula, duwatsun ado a gashi kuwa idan aka buga kai a kansu su ne za su huda fata. In an sa, gaban hular ya sauko kusa da gira, kada ya rufe ido. Maɗaurin haɓa ya bar wurin yatsa ɗaya, in ya yi yawa biyu. A kama hular a juya ta hagu da dama: fatar goshi ta bi ta. Idan hular ce kaɗai ke yawo, ta yi girma, kuma bugun farko zai zame da ita ya bar goshin a fili.

Ranar farko a bar ta minti 20 zuwa 30 a cire a duba goshi, saman kunne, ƙeya da ƙarƙashin haɓa. Jan da ya ɓace cikin ɗan lokaci ba matsala. Wanda ya haura rabin awa yana nan, wurin yana matsewa, in aka ci gaba gyambo ne zai biyo. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai a nemi wurin da ya ƙara duhu, ya yi ɗumi, ko ya riƙe shatin hular. Ba a kwana da ita sai da izinin likita, kuma ba a barin yaro ya hau bishiya ko lilo da ita, saboda maɗaurin na iya saƙalewa ya shaƙe shi.

Babban aibinta a wajenmu zafi ne. Masu yin ta ba su yi lissafin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Soson mai roba ba ya shan gumi, sai ya taru a ƙasa. Cikin 'yan kwanaki ƙurajen zafi su feso, makero ya samu gida, tsohon rauni ya fara ruwa. Yaron da ba ya magana ba zai ce kansa na ƙaiƙayi ba, zai dai ƙara dukan wurin, sai a ɗauka lalurar ce ta tsananta alhali hular ce. Maganin wannan shi ne 'yar hular auduga marar kauri a ciki, a tanadi biyu ko uku ana canzawa, a aske gashin namiji, a wanke hular kullum da ruwa da sabulu a shanya a inuwa. Rana tana busar da robar ta tsattsage, kananzir da bilic kuma suna cinye ta. Rauni buɗaɗɗe a wanke shi a rufe da bandeji kafin a ɗora hula. A riƙa ba yaron ruwa ba sai ya nema ba.

Akwai abin da mai sayarwa ba zai faɗa da ƙarfi ba. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Idan kai ya taho da gudu ya tsaya cak a jikin bango, ita ba ta tsaya tare da shi, sai ta bugi ƙashin daga ciki. Soso yana rage kaifin bugun, ba ya hana wannan girgizar. Haka ido: yawan bugun kai da fuska yana iya ɓamɓare tantanin bayan ido ko ya kawo yanar ido, kuma yaron da ba ya magana zai iya rasa ganin ido ɗaya ba wanda ya sani. Saboda haka ko da hula a kai, ana jingina katifa a bangon da ya saba zuwa, ana shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a kan siminti, ana sa filo tsakanin kansa da abin da ya nufa, kuma likitan ido yana duba shi lokaci-lokaci. Idan bayan bugu aka ga amai fiye da sau ɗaya, barcin da ba a saba ba, tangaɗi, jijjiga, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ruwa ko jini na fita daga kunne ko hanci, asibiti za a nufa a lokacin, ba gobe ba.

Sai kuma an gudu ba a tsira ba. Yaron da dukan ke samo masa wani abu, in aka rufe kan, yakan koma cizon hannu, ko buga gwiwa da ƙasa, ko ya ƙara ƙarfin bugun har ya ji ta cikin soson. Wasu kuma akasin haka: su manne wa hular, a zo cirewa su firgice. Irin waɗannan su ne za ka ga suna cusa hannuwa cikin riga ko suna naɗe su da zane, kamar masu tsoron hannun nasu, kuma su ne suka fi wuyar sha'ani.

Abokin tafiyar hula shi ne hannun riga mai sanduna. Yadi ne mai ƙarfi da ake naɗawa daga ƙasan hammata zuwa wuyan hannu, da aljihuna dogaye da ake zura sandunan roba ko na ƙarfe, kamar karan ɗori. Ba ya ɗaure yaro da komai, gwiwar hannu kawai yake hana lanƙwasawa, sai hannu ya kasa kaiwa fuska. Wajen tsayar da naushi da tsone ido ya fi hula aiki nesa ba kusa ba, haɗarinsa ma ya fi. Yaro ba zai ci abinci da kansa ba, ba zai yi wasa ba, in ya faɗi ba zai tare da kyau ba, kuma in aka daɗe gaɓar takan sandare, tsoka ta zube, ƙashi ya yi rauni. Dokar gidajen kula da masu jinkirin ƙwaƙwalwa a Amurka ta ce wanda aka sa wa irin wannan a duba shi duk minti 30, a kuma sake shi ya motsa aƙalla minti 10 a cikin kowace awa 2. Wannan shi ne mafi ƙaranci. A danna farce ya yi fari a saki: in jinin bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko yatsun sun yi sanyi ko sun kumbura, a kwance. Ba kayan da za a saya a intanet a ɗaura ba ne. Likitan gashin ƙashi ko sashen haɗa kayan tallafin gaɓoɓi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, su ya kamata su auna. Ɗaure hannu da ɗankwali a jikin gado ko turke kuwa ba danginsa ba ne ko kaɗan: yana yanke jini, yana cin fata, kuma yaron ba ya koyon komai sai tsoro.

To in hula ba magani ba ce, lokacin da ta saya me za a yi da shi? Farko likita. Ciwon kunne, ruɓaɓɓen haƙori, taurin bayan gida, ƙwannafi, ciwon kai, ƙaiƙayi, rashin barci, a 'yan mata kuma ciwon mara, duk suna tayar da dukan kai ga wanda ba shi da bakin faɗa. Dukan da ya faro kwatsam, ko ya tsaya a gefe ɗaya na fuska, a zargi ciwo kafin a zargi hali. Akwai kuma lalurorin da ake haihuwar yaro da su, waɗanda aka san su da wannan: masu Lesch-Nyhan suna cizon leɓe da yatsu, masu Prader-Willi suna ɓantarar fata, masu Cornelia de Lange kuma sau da yawa ƙwannafi ne ke ƙarƙashin nasu.

Bayan likita sai tambayar da komai ya rataya a kanta: wace riba dukan ke kawo wa yaron? A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa, a cibiyar da yanzu ake kira Kennedy Krieger a birnin Baltimo, suka gwada mutum 9 masu raunata kansu ta hanyar sauya abin da ke biyo bayan dukan. A 1994 suka fitar da sakamakon irin wannan gwaji guda 152. Kashi 38 cikin 100 suna yi ne don su kuɓuta daga wani abu, kamar aiki ko umarni. Kashi 26 don a kula su ko a ba su wani abu. Wajen kashi 26 kuma don abin da suke ji a jikinsu, ko da kowa ko ba kowa. Ragowar ko dalilin ya haɗu fiye da ɗaya, ko bai fito ba. Ma'ana, kusan biyu cikin uku abin da mutanen da ke kewaye suke yi bayan dukan shi ke riƙe da shi. Wannan ba laifin uwa ba ne. Duk mai zuciya zai ruga in ya ga ɗansa na fasa goshi. Amma nan ne mabuɗin yake, kuma soso ba ya kaiwa nan.

Ga yadda abin yake a kusa. A ɗauki yaro ɗan shekara 6, ba ya magana, yana kallon katun a wayar uwarsa. Kira ya shigo, ta karɓe. Ya yi ƙara, ba a kula ba. Ya ja zanenta, tana magana. Ya durƙusa ya buga goshi da dandaryar ƙasa, sau ɗaya, sau biyu. Kaka ta taso daga kan tabarma tana salati: «Ke, ba shi mana! So kike ya fasa kai?» Waya ta dawo hannunsa, gida ya yi tsit. Ƙara ba ta yi aiki ba, jan zane bai yi ba, goshi ya yi cikin daƙiƙa biyar. Gobe ba zai ɓata lokaci da jan zane ba. A sa masa hula mafi tsada, lissafin bai canza ba: bugu yana kawo waya, yanzu ma ba zafi.

Hanyar gano wannan a gida takarda ce da biro. A ja layi huɗu: lokaci, abin da ya faru daf da dukan, irin dukan da adadinsa, da abin da aka yi masa nan take. A rubuta abin da ido ya gani. «Ya yi fushi» ba bayani ba ne. «An ce ya sa takalmi, ya mari kunnen dama sau 6, aka bar takalmin» shi ne bayani. A yi mako biyu, gida da makaranta, kowa da takardarsa. Akwai kuma takardun tambayoyi da masana ke cikewa da iyaye, kamar FAST mai tambaya 16 na i ko a'a, da QABF mai 25. Suna da amfani wajen buɗe zance, amma ba a gina magani a kansu kaɗai. Masu FAST ɗin da kansu sun gwada ta a 2013, ta dace da sakamakon cikakken gwaji irin na Iwata a mutum 44 cikin 69. Takardar gida ma tana da nata tarkon: kusan kowane duka ana binsa da «bari, bari», don haka kullum sai ta nuna kamar neman kulawa ne, ko da ba shi ba ne.

Cikakken gwajin aikin masanin ɗabi'a ne, da likita a kusa da ƙa'idar tsayarwa da aka rubuta tun kafin a fara. Zama ne gajeru, minti 10 ko 15, ana juya su. A ɗaya babba yana ɗakin yana harkarsa, sai an yi duka ya juyo ya yi magana. A wani ana ba da aiki, in an yi duka a janye shi na daƙiƙa 30. A wani a karɓe abin da yake so, duka ya dawo da shi. A wani a bar shi ba kowa ba komai, ana leƙe. Na ƙarshe wasa ne, da kayan wasa da kulawa ba umarni, shi ne ma'auni. Zaman da dukan ya fi yawa a cikinsa shi ya nuna ribar. Ga yaron da bugu ɗaya zai iya yi wa illa, ana tsayar da zama a bugun farko a auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya yi, ko a yi aiki da alamar da ke rigayar bugun, kamar ƙara ko cije leɓe. A nan hula tana da wani aibi da ya kamata mai gwaji ya sani: wani lokaci in tana kai dukan yakan kwanta a duk zaman, a tashi ba a gano komai ba. Iyaye kada su gwada wannan da kansu.

In an san ribar, sai a koya masa hanya mai sauƙi ta samun ta. Edward Carr da Mark Durand ne suka kafa wannan a 1985, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ga mai waya: kati ɗaya mai hoton waya, a lulluɓe da leda, a ajiye inda hannunsa ke kaiwa. A karɓe wayar, kafin ya kai ga durƙusawa a kama hannunsa ta baya a miƙa katin, a mayar masa da wayar nan take na rabin minti, a sake. Sau 10, sau 20 a zama ɗaya, ana rage taimakon hannun a hankali. Sharaɗin shi ne katin ya fi bugu sauƙi, ya fi shi sauri, kuma a farko kada ya taɓa faɗuwa ƙasa banza. Ga mai gudun aiki katin hutu ne, tare da rage aikin zuwa umarni ɗaya mai sauƙi kafin a ƙara na biyu. Ga mai neman kulawa, ban da kati, a riƙa zuwa wurinsa bisa agogo tun bai nema ba: idan takarda ta nuna yana duka kusan duk minti 5, a je duk minti 3.

Ɗaya ɓangaren shi ne bugu ya daina kawo ribar, kuma nan ne hular ta fi cancantar kuɗinta. Wanda ya saba ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa, ranar da ba a buɗe ba ƙara ƙarfi zai yi kafin ya haƙura. Yaro ma haka. In aka riƙe wayar a bugu na farko da na biyar, sannan aka miƙa a na goma da ya fi tsanani, an koya masa sabon farashi ne, kuma gara a ce ba a fara ba. Hula da katifa su ke ba mutanen gida damar jurewa ba tare da jini ya zuba ba. Wannan ba yana nufin a juya baya a bar shi ba. A tare, a sa filo, fuska ba yabo ba fallasa, ba faɗa ba lallashi, da ya lafa a nuna katin. Kuma dole bakin gida ya zo ɗaya, har kaka da yayye da malamar aji. Mutum ɗaya da ke miƙa waya ya isa ya riƙe ɗabi'ar da rai. Gidan da ba zai iya wannan ba a yanzu, ya tsaya kan koyar da kati da rage abin da ke tayar da dukan har a samu mai jagora.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an ga sauƙi shi ne tsalle daga «kullum» zuwa «jira». Yaro ya miƙa kati sau 50 a yini, a gaji, a fara ce masa anjima, sai bugu ya dawo. Ana yin jiran ne da alama: faifai mai fuska biyu, kore da ja. Kore, kati na aiki. Ja, ba ya aiki. A fara da ja na daƙiƙa 15 kacal, kore na 45, a riƙa tsawaita jan kaɗan-kaɗan har ya kai mintuna, in bugu ya dawo a koma matakin baya.

Masu yi don abin da suke ji a jiki, su ne hula ta fi rage wa dukan da kanta, don tana dusashe abin da ake nema. Ko a nan, sai an ba jikin madadi. A jera abubuwa, a ba shi kowanne na minti 3 zuwa 5, a ƙirga dukan: abin tauna na roba, abin wasa mai kaɗawa, kiɗa, ƙwallo mai ƙaya-ƙaya, shinkafa a roba ya tsoma hannu. Wanda dukan ya fi raguwa da shi ake riƙewa, ko da ba shi ya fi so ba.

Kan ƙwayoyi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009 don tsananin fushi da raunata kai ga yara masu galahanga. Suna taimakon wasu, suna kuma kawo ƙiba, yawan barci, da wani lokaci motsin jiki ba da niyya ba. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubutawa yana bin nauyin yaron, ba mai kemis ba, kuma ƙwaya ba ta koya wa kowa miƙa kati.

Cire hular ana tsara shi tun ranar saye. A duba takarda a ga lokacin da dukan ya fi ƙaranci, wataƙila wajen cin abinci ko wanka, a fara cirewa a nan na minti 5, babba yana zaune kusa da filo a hannu. Kwana uku lafiya, a mai da shi 10, sannan a ƙara wani lokacin na daban. A cire ta lokacin da yake cikin natsuwa, kada a cire don ya yi kuka ko ya yi bugu, in ba haka ba cirewar ta zama sabuwar riba. Wanda ya manne mata a sauko da shi mataki-mataki: daga mai kauri zuwa ta rugbi, daga nan hular yadi ta gida. Hannun riga ma haka, a zare sanda ɗaya ko a sauya da mai laushi, har ya rage yadi zalla, sannan a riƙa rage tsawonsa har ya koma kamar abin agogo a wuyan hannu. Kafin a kai nan, a sake auna kan yaron duk wata uku, a kuma duba gaban hular da yatsa duk mako, don wurin da ya fi shan bugu shi ke fara mutuwa alhali sauran jikinta yana sheƙi kamar sabo.